Jirgin yaƙin da ke rusuna wa 'yan kallo, da tsararrakinsa da ke bakin daga a Jihar Neja

Zuwan farko ba ya bambanta da na kowane jirgin yaƙi. Yakan keto ƙasa-ƙasa ta gaban 'yan kallo, ya wuce kamar kibiya, rugugin injinsa na biye da shi a baya. A zuwa na biyu ne al'amari ke sauyawa. Sai a ga gudun yana raguwa, yana raguwa, har ya kai inda duk wani jirgi mai fukafukai ya kamata ya rikito. Shi kuwa wannan sai ya tsaya cak a sararin sama, tamkar an rataye shi da igiyar da ido ba ya gani. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ja da baya. Daga nan ya fuskanci jama'a, ya sunkuyar da hancinsa ƙasa, ya ɗago.

Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Etsu Nupe a Bida ranar hawan sallah zai gane abin da ake nufi. Mahayi ya sako doki a sukwane, sai ya zo daf da sarki ya ja linzami, doki ya turje, mahayi ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Jahi ke nan, sai dai wannan dokin nauyinsa ya haura tan shida ko da babu mai a cikinsa, kuma ba a kan ƙasa yake turjewa ba.

Sunan jirgin Sea Harrier, ƙirar Ingila ta 1979, lambarsa ta aikin soja XZ439. Wanda ya saye shi ya riƙa tuƙa shi shi ne Art Nalls, tsohon Laftanar Kanar a rundunar sojin kundumbala ta Amurka, wanda ya yi aikin gwajin jirage. Shi ne farar hula na farko da ya mallaki irin wannan jirgi yana kuma tashi da shi. Tun daga watan Oktoban 2008, lokacin da ya fara fito da shi a bikin wasan jirage na garin Culpeper a Jihar Virginia, ya shafe shekaru yana zagaya filayen Amurka da shi, jama'a na toshe kunne suna tafi.

Abin da ke riƙe da jirgin a sama inji ne guda ɗaya tak, mai suna Pegasus. Iskar da yake zuƙa ba ta bayan jirgin take fita ba kamar yadda aka saba. Tana fita ne ta bututai huɗu, biyu a kowane gefe, kuma duka huɗun suna juyawa tare. Idan suna kallon baya, jirgi ya yi gaba. Idan matuƙi ya karkatar da su ƙasa, jirgin ya zauna a kan ginshiƙan iska huɗu kamar rumbu a kan duwatsu. Suna iya zarce tsaye kaɗan su kalli gaba, wanda shi ne sirrin tafiya da baya. Ƙarfin turin injin ya kusa tan goma, don haka lissafin a bayyane yake: muddin jirgi da mai da matuƙi ba su kai wannan nauyi ba, zai tsaya, idan suka haura, ƙasa ce makoma.

Matsalar ita ce, jirgin da ba ya tafiya babu iskar da ke bi ta kan fukafukansa, saboda haka duk abubuwan da ake sarrafa jirgi da su sun zama ado. Maƙeran sai suka jawo iska mai ƙarfi daga injin zuwa wasu ƙananan kafofi a hanci da wutsiya da bakin kowane fiffike. Da hucin waɗannan kafofi matuƙi ke daidaita jirgin, kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa a ka yana tafiya kan gungume. Hannun dama na kan sandar tuƙi, hagu kuma na kai-komo tsakanin abin ƙara wuta da abin juya bututai. Akwai kuma tankin ruwa na kimanin galan 50 da ake fesa wa injin don kada zafi ya yi masa lahani a lokacin da yake aiki da dukkan ƙarfinsa, kuma ruwan ba ya wuce minti ɗaya da rabi. Zafin gari ma yana rage wa injin ƙarfi. Da a ce a Minna za a yi wannan wasa cikin watan Maris, sa'ilin da zafi ke doshin maki 40, da sai an rage man da ke cikin jirgin sosai kafin ya iya tsayawa.

Wani abin ban sha'awa shi ne, a gaban gilashin matuƙi akwai wani ɗan ƙarfe mai juyawa da iska, irin wanda ake kafawa a kan rufin gini. Ba shi da waya, ba shi da kwamfuta. Amma a daidai gaɓar da jirgin ke sauyawa daga tsayuwa zuwa tafiya, idan iska ta bugo ta gefe matuƙi bai lura ba, jirgin na iya kifewa cikin ƙiftawar ido. Wannan ɗan ƙarfe shi ke faɗa masa gaskiya. Matuƙa da dama sun rasa rayukansu a wannan gaɓa.

Mutumin da ke kashe inji a sama

Nalls bai faɗo cikin wannan sana'a da ka ba. Ya kammala makarantar horar da hafsoshin sojin ruwan Amurka a 1976, ya tuƙa Harrier samfurin farko da Amurka ta saya. A 1983 injin jirginsa ya mutu yana sama, a kusa da birnin Richmond. Jirgin da fukafukansa ƙanana ne, idan inji ya mutu ba ya lilo, faɗowa yake yi kamar dutse mai ɗan ladabi. Maimakon ya yi tsalle da laima, sai ya lallaɓa shi ya sauke a filin jirgin farar hula, aka ba shi lambar yabo. Daga baya ya shiga makarantar matuƙan gwaji da ke sansanin Edwards, kuma cikin ayyukan da aka ɗora masa har da hawa sama ya kashe injin da gangan, ya sake tayar da shi, don a san iyakar tsawo da gudun da zai yarda ya tashi. Idan aka tara lokacin da ya yi a sama cikin jirage masu inji ɗaya alhali injin a kashe, ya haura awa shida.

Aikin matuƙin gwaji ke nan. Shi ne ke shiga ruwa ya auna zurfinsa, ya dawo ya rubuta, don na baya su san inda za su taka. Jarumtakarsa ba ta da amfani idan babu rahoto a bayanta.

Da ya bar aikin soja sai ya shiga harkar gidaje a Washington, ya samu abin hannu. Da Ingila ta fara sallamar jiragen Sea Harrier, ya sayi guda, aka kwance shi aka yi jigilarsa ta teku zuwa Jihar Maryland a 2006. Tsofaffin makanikan soja da 'yan sa-kai suka yi ta fama da shi har ya tashi a watan Nuwamban 2007. A tashi na biyu, na'urar da ke sarrafa ƙafafun jirgin ta samu matsala. Nalls ya nufi sansanin sojin ruwa na Patuxent River, ya sauko a tsaye, ƙafar gaba ta karye, hancin jirgin ya daki ƙasa. Aka koma gyara. Kusan shekara guda ta wuce kafin 'yan kallo su ga rusunawar farko.

Sa'an 'yancin Najeriya

Asalin jirgin ya yi daidai da wata ranar da ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ba ya mantawa. Najeriya ta samu 'yanci ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kwana ashirin bayan nan, ranar 21 ga wata, a filin Dunsfold da ke kudancin Ingila, wani jirgin gwaji na kamfanin Hawker mai lamba P.1127 ya ɗaga daga ƙasa a karon farko, an ɗaure shi da igiyoyi don kada ya ƙwace. Matuƙinsa Bill Bedford ya hau ne da ƙafa a ɗaure cikin filasta, sakamakon haɗarin mota da ya yi. Tunanin juya iskar inji ya samo asali daga wani injiniyan Faransa, Michel Wibault, injiniyoyin kamfanin Bristol suka mayar da shi inji, Ralph Hooper ya zana jirgin a ƙarƙashin Sydney Camm.

Dalilin ƙera shi tsoro ne. Ƙasashen Yamma sun san cewa idan yaƙi ya ɓarke da Tarayyar Sobiyet, titunan tashin jirage ne za a fara ragargazawa, kuma jirgin yaƙin da ba shi da titi bai fi tarin ƙarfe ba. Ana son jirgin da zai ɓuya a gefen daji, ya tashi daga fili ko kan hanyar mota. Ya shiga aikin sojin saman Ingila a watan Afrilun 1969, kuma a watan da ya biyo baya wani matuƙi, Tom Lecky-Thompson, ya tashi da shi daga wani filin ajiye gawayi a gefen tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a tsakiyar Landan, ƙurar gawayi ta turnuƙe manyan baƙi, ya sauka a cikin birnin New York bayan awa shida da 'yan mintoci. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, jiragen Sea Harrier sun kakkaɓo jiragen Ajantina kimanin 20 ba tare da an harbo ko ɗaya daga cikinsu a gwabzawar sama ba.

Wannan shi ne ɓangaren da ake faɗa a lasifika ranar wasa. Ɗaya ɓangaren jaridar Los Angeles Times ce ta tono shi a 2002, a binciken da ya ci kyautar Pulitzer: daga 1971, sojin kundumbalar Amurka 45 sun mutu a manyan haɗurran Harrier 143 da ba a fagen yaƙi suka faru ba, kuma an yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na jiragen. Shi kansa Bedford ya faɗo da jirgin gwajin a gaban jama'a a bikin jirage na Faris a 1963, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ingila ta yi sallama da Harrier gaba ɗaya a watan Disambar 2010, Indiya ta ajiye nata a 2016.

Na Kainji ba tafi suke nema ba

Najeriya ba ta taɓa sayen Harrier ba. Amma tana da tsararrakinsa, kuma a Jihar Neja suke. A sansanin sojin sama na Kainji, kusa da Sabuwar Bussa, nan ne gidan jiragen Alpha Jet, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, waɗanda Najeriya ta sayi 24 suka fara isowa a farkon shekarun 1980. Tsakaninsu da jirgin Nalls bai wuce tazarar wa da ƙane ba. Don horar da matuƙa aka fi ƙera su, amma rabo ya kai su Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG cikin shekarun 1990, ya kai su aikin Mali a 2013, inda ɗaya ya faɗi a Jamhuriyar Nijar da matuƙa biyu, ya kai su sararin Gambiya a watan Janairun 2017 lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka. Bayan nan ga Sambisa, ga dazuzzukan Zamfara da Kaduna da Neja.

Jirgin Nalls ya kasance yana tashi ne idan gari ya yi kyau, ya yi minti goma sha wani abu, a mayar da shi rumfa a goge. Na Kainji kuwa ranar da aka kira su ita ce ranarsu. Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara yana dawowa daga aiki. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da laima, ya yi ta ɓuya yana tafiya cikin duhu har ya isa wurin sojojin ƙasa. Kusan wata huɗu kafin nan wani Alpha Jet ya ɓace a Borno da matuƙa biyu. Duk wanda ya yaba wa tsohon sojan Amurka da ya riƙe jirgi ɗaya da rai, ya kamata ya san cewa akwai makanikai a gefen tafkin Kainji da suka riƙe tawaga guda fiye da shekara arba'in, cikin ƙurar hunturu da ƙarancin kayan gyara, har ta kai rundunar ta nemi kamfanin motoci na Innoson da ke Nnewi ya taimaka da kayan birkin jiragen. Ba a san sunayensu ba, kuma babu mai yi musu tafi.

Wasan jirage ma Najeriya ta san farashinsa. Mazauna Abuja ba su manta ranar 28 ga Satumba, 2018 ba, lokacin da jirage biyu samfurin F-7Ni suka gogi juna suna atisayen bikin cika shekara 58 da samun 'yanci, suka faɗo a tsaunin Katampe. Matuƙa uku suka yi tsalle, ɗaya daga cikinsu, Bello Baba-Ari, ya rasu. Mintocin da jama'a ke ɗaga kai a Dandalin Eagle, wasu ne ke biyan kuɗinsu tun kafin ranar.

Inda babu titi

Tambayar da ta haifi Harrier, wato yaya jirgi zai yi aiki inda babu titin tashi, a Jihar Neja ba tambayar littafi ba ce. Jihar ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, murabba'in kilomita sama da 76,000. Filin jirgin Minna yana Maikunkele, a Ƙaramar Hukumar Bosso. Shi ne wanda Gwamnatin Tarayya ta raɗa wa sunan Abubakar Imam a 2023, kafin a sake masa suna zuwa na Shugaba Bola Tinubu a watan Maris na 2024. Daga wannan fili zuwa ƙauyukan Shiroro da Rafi da Munya da Mariga, akwai tsaunuka da rafuka da dazuzzukan da mota ke shan wahalar ratsawa ko da rani.

A mahaifar shi Abubakar Imam ɗin, wato Kagara, aka sace mutum 42 daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati ranar 17 ga Fabrairu, 2021. Kwana huɗu bayan nan, jirgin leƙen asiri samfurin King Air ya tashi daga Abuja zai nufi Minna don aikin neman su. Ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, bai kai titi ba. Duka mutum bakwai da ke ciki suka rasu.

Aikin tashi da sauka a tsaye a wannan yanki jirgi mai saukar ungulu ne ke yin sa, ba tare da wani ado ba. Daga Minna ne Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a Najeriya, ta riƙa tashi a ƙarƙashin farmakin Gama Aiki, kafin mota ta buge ta a sansanin Kaduna a watan Yulin 2020 tana da shekara 24. Ranar 14 ga Agusta, 2023 kuma, wani MI-171 ya sauka a Zungeru ya kwashi gawarwaki da sojojin da suka ji rauni a wani kwanton ɓauna, ya tashi zai kai su Kaduna, ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a Shiroro. Hedikwatar Tsaro ta ce sojoji 36 aka rasa tsakanin kwanton ɓaunar da faɗuwar jirgin. Tsayuwa cak a sama, wadda ke sa 'yan kallo ihu a Virginia, a sararin Shiroro ita ce daƙiƙar da jirgi ya fi zama abin hari.

Harrier ba zai magance wannan ba, kuma babu mai hankalin da zai ba da shawarar a saye shi. Yana shan mai kamar rairayi, ba ya daɗewa a sama, ga wuyar sha'ani. Amsar da Najeriya ta zaɓa ta fi dacewa da aljihunta: jiragen A-29 Super Tucano guda 12 masu farfela, a cinikin kusan dala miliyan 500, waɗanda shida na farko suka sauka Kano a watan Yulin 2021, aka kuma zaunar da su a Kainji. A wannan karon cinikin ya haɗa da horo da kayan gyara da gine-gine, inda aka kammala aikin dala miliyan 38 a sansanin a 2023.

Muhimmancin wannan tsari sai an tuna da Jaguar ake ganinsa. A 1984 Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi samfurin Jaguar guda 18, sababbi fil, waɗanda suka fi Alpha Jet gudu da ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba su cika shekara goma suna aiki ba aka ajiye su a Makurɗi saboda tsadar kula da su. Ba maƙiyi ne ya kakkaɓo su ba. A kan tebur suka mutu, tsakanin takardar neman kuɗin kayan gyara da sa hannun da bai zo ba. Indiya, wadda ta fara karɓar irinsu tun kafin Najeriya, ta ci gaba da tashi da nata shekaru da dama bayan na Makurɗi sun yi tsatsa.

Wannan ne ya sa labarin ya shafi mai zama a ofis a Sakatariyar Tarayya ko Majalisar Dokoki fiye da yadda yake zato. Sayen jirgi yana da biki, akwai yanka kyalle da ɗaukar hoto. Kuɗin gyaran inji bayan ya cika awanninsa, da sabunta harsashin kujerar tsalle da ke da ranar lalacewa kamar magani, da man da matuƙi zai ƙona yana atisaye don hannunsa kada ya yi sanyi, waɗannan layuka ne a can cikin kasafi, kuma su ne farkon abin da almakashi ke ci idan kuɗi ya yi ƙaranci. Kujerar da ta cilla Dairo daga jirgin da aka harbo ta yi aiki ne saboda wani ya duba ta a kan lokaci, wani kuma ya saki kuɗin tun kafin nan.

Yanzu Najeriya ta ƙulla cinikin jirage 24 samfurin M-346 da kamfanin Leonardo na Italiya, waɗanda ake sa ran su gaji Alpha Jet. Adadin ya yi daidai da na tsofaffin da aka sayo shekara arba'in da suka wuce. Shi kuwa Nalls, da shekaru suka ja, ya sa jirginsa a kasuwa a 2020. Bai tallata shi shi kaɗai ba. Ya haɗa da wani Harrier mai kujera biyu na koyar da sabon matuƙi, da tarin kayan gyaran da ya shafe shekaru yana tattarawa.